Yadda na zaɓi cajar motata ta gida

Da na sayi motar lantarki, na ɗauka soket ɗin gareji zai wadatar, sai na ga wutarsa ba za ta cika batirinta mai kilowat-awa 60 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) ba ko da an kwana an wuni. Na so sayen caja mai ƙarfin kilowat 11, amma mai gyaran wuta ya duba mita ya ce layin wuta ɗaya ne ya shigo gidan, ita kuwa uku take buƙata. Saboda haka na ɗauki mai kilowat 7.4, wadda ke cika batirin cikin kimanin awa tara. Saura ƙiris in yi asara wajen filogi, domin motar daga ƙasar Sin ta zo, bakin cajinta samfurin GB/T na Sin ne, ba samfurin Type 2 na Turai ba.