Adakar Kawu da Shekarun Roger Moore

Kawuna ya yi shekara goma sha wani abu yana aiki a wani gidan silima a Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa lokacin da bidiyo ya shiga gidaje kasuwar ta fara mutuwa. Tikiti yake sayarwa, amma shi ne kuma mai kafa hotunan fim ɗin da za a nuna a allon da ke bakin ƙofa, inda samari suke tsayawa da la'asar suna musu a kan ko fim ɗin ya cancanci kuɗinsu. Bayan sadakar arba'in ɗinsa, Allah ya jiƙansa, matarsa ta aika aka kira ni. Ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado ta ce, "Kai ne ɗan ɗakinsa, kai ne kuma mai son takardu. Ka ɗauke ta kafin gara ta ƙarasa abin da ta fara."

Yawancin abin da ke ciki na Indiya ne, kamar yadda yawancin dararen mako a silimun Kano na Indiya ne: Amitabh Bachchan, Dharmendra, Hema Malini. Akwai 'yan kaɗan na Bruce Lee. Can ƙasa kuma sai ga wani ƙunshi da aka ɗaure da robar tayar keke, katunan hoto 31, fasta ɗaya a ninke, da wani ɗan littafin Turanci da bangonsa ya rabu. Fuska ɗaya ce a kansu duka. Ni a lokacin James Bond kawai na san shi, kamar yadda kowa a unguwarmu ya san shi. Sunansa na gaskiya, Roger Moore, a ƙasan katunan na fara karanta shi da natsuwa.

Abin da na fara yi shi ne abin da har yau nake jin zafinsa. Na ga wasu katunan sun yage ta gefe, sai na sayo salatif na bi su ina liƙewa. Guda huɗu da suka fi burge ni kuma na kai su shagon masu fotokwafi aka yi musu laminatin, a ganina na cece su ke nan. Ba a yi wata shida ba, gam ɗin salatif ya fara ratsa takardar yana barin tabo ruwan ƙasa. Na laminatin kuwa zafin injin ya narkar da ledar ta kama takardar, babu yadda za a raba su ba tare da hoton ya biyo ledar ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne na farar motar nan Lotus Esprit da take nutsewa cikin teku ta koma jirgin ƙarƙashin ruwa a The Spy Who Loved Me na 1977, kuma a bayansa akwai rubutun kawu da biro, ranar da aka nuna fim ɗin da yawan tikitin da ya sayar. Rubutun yana nan, amma tawadar ta baje a ƙarƙashin ledar, lambar ƙarshe ba ta karantuwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga nan ban sake sa wa komai gam ba. Yagaggen kati ana barinsa a yage, a sa shi cikin jakar leda mai kauri wadda ba ta mannewa, a kwantar da shi a shimfiɗe. Ramukan ƙusa da ke kusurwoyinsa ma ba aibu ba ne, su ne shaidar cewa katin ya taɓa tsayawa a bakin silima yana kiran jama'a.

Daga nan na koma jera su bisa shekara, kuma a nan ne aikin ya fara yi mini daɗi. Katunan iri biyu ne. Manyan, masu inci 11 da 14, na Amurka ne, ƙananan masu inci 8 da 10 kuwa irin na Ingila ne, kuma dukansu takwas takwas ake buga su ga kowane fim. A ƙasan na Amurka akwai wata 'yar lamba da ido ba ya kulawa da ita, lambobi biyu na farkonta su ne shekarar da aka fitar da fim ɗin. Da na gane haka sai tulin ya warware kansa. Na samu biyar daga fina-finan Bond bakwai da Moore ya yi: Live and Let Die na 1973, The Man with the Golden Gun na 1974, na 1977 da na ambata, Moonraker na 1979, da Octopussy na 1983. Babu For Your Eyes Only na 1981, babu A View to a Kill na 1985. Babu kuma saiti ko ɗaya da ya cika takwas.

Idan aka shimfiɗa su a jere a kan tabarma, ana ganin mutum yana tsufa. Yana da shekara 45 lokacin da fim ɗinsa na farko na Bond ya fito, ya ma girmi Sean Connery da ya gada da shekara uku, kuma yana da 57 lokacin da na ƙarshensa ya fito. A katunan 1973 kuncinsa a ɗame yake. A na 1983 wuyansa ya fara saki, masu kwalliya suna ta ƙoƙarin ɓoyewa.

Dalilin rashin cikar saitin ban same shi a intanet ba, a bakin wani dattijo na same shi, abokin kawu wanda ya yi aikin haska fim a ɗakin majigi. Na same shi a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne ku taimaka mini da abin da kuka sani game da waɗannan." Ya sa tabarau ya daɗe yana juya su. Ya ce hotunan tare da gwangwanayen fim suke zuwa, tare kuma ake mayar da su ga masu rarrabawa don a tura wani gari. Abin da ya yage ko ruwan sama ya taɓa, ko aka manta da shi a allo, shi ne yake zama na ma'aikata. Wato duk katin da ke hannuna, wanda aka yar ne kawu ya tsince.

Da ya zo kan katin kadoji na Live and Let Die sai ya yi murmushi. Ya ce a daren da ya haska wurin da ekta yake gudu a kan bayan kadoji, ihun 'yan kallo har titi ake ji. Na gaya masa abin da na karanta, cewa kadojin na gaske ne, a Jamaika aka ɗauka, kuma mai gonar kadojin, Ross Kananga, shi ne ya yi gudun, sai a karo na biyar ya tsallake lafiya. Baba ya ce, "To ai mu dama mun san ekta ba ya mutuwa, amma ashe wani ne ya sayar da ransa." Ya tuna dogon bos ɗin nan mai haƙoran ƙarfe, Richard Kiel, wanda yara suka riƙa kwaikwayo da takardar azurfar kwalin sigari. Ya ce Octopussy kuwa ya ja har waɗanda ba sa kallon fim ɗin Turawa, saboda an ɗauki wani sashensa a Udaipur ta Indiya, ga kuma Kabir Bedi da rawaninsa. Sai ya faɗi wata magana da ta zauna mini: "Connery idan ya daki mutum, ka san ya daku. Wannan kuwa sai ya ɗaga gira ɗaya ya gyara kwat, kamar bai so a yi faɗan ba." Na yi sa'a na rubuta duk abin da ya faɗa a daren. Bai kai damina ta gaba ba, Allah ya gafarta masa.

Ɗan littafin nan mai rabebben bango shi ya mayar da ni baya. Labarin Simon Templar ne na marubuci Leslie Charteris, da hoton Moore yana matashi, a gefensa wani zanen mutum na 'yan layuka da zobe a saman kansa. Ashe kafin Bond ya shafe shekara bakwai, daga 1962 zuwa 1969, yana fitowa a talabijin a matsayin Simon Templar ɗin a shirin The Saint, kashi 118, na farkon baƙi da fari, daga 1966 kuma masu launi. Kafin wannan ya yi Ivanhoe a 1958, ya je Amurka ya shiga Maverick, bayan The Saint kuma ya yi The Persuaders! tare da Tony Curtis a 1971, kashi 24. Ke nan mutumin da muka ɗauka da Bond ya fara, ya riga ya shekara goma sha biyar yana shiga ɗakunan mutanen Ingila ta talabijin. Ɗaga girar da Baba ya lura da ita, a talabijin aka haife ta.

Ƙanwata tana karatu a Ingila a lokacin, sai na roƙe ta ta riƙa leƙa mini shagunan tsofaffin kaya. Ta samo ƙaramar motar wasa ta kamfanin Corgi, farar Volvo P1800 irin wadda yake tuƙawa a The Saint, da zanen nan mai zobe a kan bonet. Fentin ya kankare, kwalinta babu, don haka da arha ta same ta. Masu tara irin waɗannan kaya kwali suke bi, har yakan fi motar kanta daraja. Ni kuwa kankararriyar ta fi mini, domin wani yaro ya taɓa tura ta a ƙasa har ta gaji.

Abin da ya fi komai taɓa ni a cikin abin da ta aiko, 'yar takarda ce mai shafi huɗu ta koyar da saƙa. A farkon shekarun 1950, kafin kowa ya san shi, Moore yana samun na abinci ne da tallan suwaita. A ɗauke shi hoto sanye da rigar saƙa, a buga a bangon takardar da mata za su saya su bi su saƙa wa mazajensu. Ga shi nan, ɗan wani ɗan sanda daga unguwar Stockwell a kudancin Landan, wanda aka haifa ranar 14 ga Oktoba 1927, yana murmushi cikin rigar ulu. Na ajiye ta a farkon jerin, gaba da katin 1973 da shekara ashirin. A tsakaninsu akwai kwantiragin da ya samu da kamfanin fim na MGM a 1954 wanda bai kai shi ko'ina ba, aka sallame shi bayan fina-finai kaɗan. Wanda ya ga katunan Bond kaɗai zai ɗauka a kan doki aka haifi mutumin.

Na yi asara sau ɗaya. Na sayi wani hoto mai sa hannunsa daga wani dillali a intanet, da takardar shaida mai tambari. Da ya iso na duba da madubin ƙara girma, sai na ga sa hannun ɗigo-ɗigo ne irin na injin bugu, babu kanta ko ɗaya da alƙalami yake bari a jikin takarda. Takardar shaida kowa zai iya buga ta a ɗakinsa. Yanzu abin da nake tambaya shi ne daga hannun wa abu ya fito, kuma ta ina ya bi.

Akwai kuma abin da na so in jefar. A cikin wani ƙunshi da na saya gaba ɗaya akwai katuna biyu na The Wild Geese na 1978, inda ya fito tare da Richard Burton da Richard Harris a matsayin sojojin haya a wata ƙasar Afirka. A Afirka ta Kudu aka ɗauki fim ɗin, kamar yadda aka ɗauki Gold na 1974, a daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata yake ganiyarsa. The Wild Geese ɗin a 1977 aka ɗauke shi, shekara ɗaya bayan kisan ɗalibai a Soweto da kuma ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal da Najeriya da wasu ƙasashen Afirka suka yi a 1976. Abin ya ɓata mini rai, har yanzu kuma ina ganin bai kamata ya je ba. Amma na bar katunan a gurbinsu, tsakanin 1977 da 1979, domin a nan suka faru. Shi ne dai mutumin da a 1991, ta dalilin ƙawarsa jarumar fim Audrey Hepburn, ya zama jakadan UNICEF, ya riƙe aikin har mutuwarsa, kuma saboda wannan hidimar ce Sarauniya ta ba shi sarautar Sir a 2003.

Ya rasu ranar 23 ga Mayu 2017 a Suwizalan yana da shekara 89. A watan Oktoba 2023 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da kayansa na kansa a Landan, kwat-kwat da agoguna da fastoci, na zauna na bi hotunansu ɗaya bayan ɗaya a waya. Babu ko ɗaya a cikinsu mai ramin ƙusa.

Nawa suna cikin adakar kawu har yanzu, amma na ɗora ta a kan bulo huɗu nesa da bango saboda gara da laimar damina, ina kuma buɗe ta duk wata in duba. Kowane kati yana da 'yar takarda a jakarsa, na rubuta da fensir inda ya fito da abin da Baba ya faɗa a kansa. Tsakanin Moonraker da Octopussy na bar jaka ɗaya babu komai a ciki, ta 1981.