Wa'azi a bakin aiki

Jiya ina kan layi a wani ofishin gwamnati, wadda ke gabana ta miƙa katin shaidarta. Ma'aikacin ya dubi hoton, ya dube ta, ya gane ta sauya jinsi. Sai ya ture takardunta gefe, ya ɗaga murya yana mata wa'azin wuta, har da kiran abokan aikinsa su zo kallo. Hannunta na rawa, ko uffan ba ta ce ba.

Ni ma ina da addini, amma hatimi aka ɗauke shi ya buga, kuma albashinsa daga harajin kowa yake fitowa, har da nata. Shirun da na yi ne ya hana ni barci. Da layi ya zo kaina, har gaishe shi na yi.