Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Da Garin Rawaya Ya Koma Kore

A makon jiya na tsaya inda Malam ya ba ni aikin da zan kammala karatu da shi a jami'a, nan Damagaram: in haɗa sinadarin Schiff da ƙarfe, in gwada shi kan ƙwayoyin cuta. Sunan na Hugo Schiff ne, masanin sinadarai haifaffen Jamus da ya bayyana wannan haɗi a 1864 yana aiki a Italiya. Ana gama sinadarai iri biyu, amin da aldehid, ruwa ya fita, karbon na aldehid da azot (wato naitirojin) na amin su ƙulle da juna. Azot ɗin nan shi ne ke cafke ƙarfe.

Na auna aldehid mai suna salisilaldehid kashi biyu, amin mai suna etilendiyamin kashi ɗaya, cikin etanol, wato alkol. Kafin in gama motsawa, ƴan ƙyalƙyali rawaya sun fara zubowa gindin kwalba. Na tace, na shanya, na sake narkarwa, sannan na zuba gishirin jan ƙarfe na ɗora a wuta. A gabana rawayan nan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Na ƙarfen nikel kuwa ruwan goro ya bayar. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Dafawar tana son ruwan sanyi ya riƙa zagaya bututu don kada etanol ya tsere. Bazara ce, kuma wanda ya san Damagaram ya san yadda ruwan famfo yake a lokacin. Da bokiti da ƙanƙarar saye muka yi.

Gwajin ne ya hana ni barci. Muka shafa ƙwayoyin cuta iri biyu, Staphylococcus aureus a faranti ɗaya, Escherichia coli a wani, muka jera ƙananan takardun da muka jiƙa da sinadaran, aka rufe a zafin digiri 37 har awa 24. Washegari na ɗaga farantin ga haske. Kewaye da takardar jan ƙarfe akwai da'ira tas, babu ƙwaya ko ɗaya, ta fi ta garin rawaya faɗi. Malam ya ce da zarar an cafke ƙarfen, cajinsa na lantarki yana raguwa, sai ya iya ratsa maiƙon fatar ƙwayar. Escherichia ta fi taurin kai, don tana da wata fatar a waje.

Da na je gida Birni na faɗa wa Inna, ta ce, "Auta, ke nan ka haɗa magani?"

Na ce, "A'a Inna, da saura. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti yana iya ɓata hantar mutum. Sai an gwada gubarsa tukuna."

Ta ce, "To, Allah ya sa ka gani da idonka."

Sauran matsala ɗaya: ba mu da na'urar da za ta tabbatar azot ɗin ya kama ƙarfen. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyata Kano da ƙananan kwalabe cikin aljihun jaka.