Ashe Hamlet muke kallo

Jiya da dare a fadarmu ta Bagalam muka kalli Haider, fim ɗin Indiya na 2014. Ana zuba shayi na biyu sai tsohon malaminmu ya aje kofi ya ce, "Kai yara, wannan ai Hamlet ne na Shakespeare!"

Wallahi da bai faɗa ba, da ban gane ba. Sun ɗauko labarin wannan wasan kwaikwayo na marubucin Ingila daga fadar sarkin Danmak sun dire shi a Kashmir ta 1995, sojoji ko'ina. Amma baffan jarumin da ya ci amanar wansa ya aure matarsa yana nan daram, shi ya fi ƙona mini rai.

Saura ƙiris a gama wuta ta ɗauke. Malam kuma ya ƙi faɗa mana ƙarshen, wai mu je mu karanta.