Yinin da kwamfuta ta cinye mini

Laraba. Yau ban taɓuka komai a aikina ba, kwamfutar tebur ce ta cinye mini yinin gaba ɗaya. Tun makon jiya da aka sabunta mata babbar manhajarta, wato Windows, ta tsiri ƙamewa, kuma ba ta da lokaci. Wani sa'in ina tsaka da rubutu, wani sa'in na bar ta kawai na juya baya, in dawo in tarar ta sandare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta nuna shuɗin allon nan mai lambar kuskure, balle in samu abin kamawa.

Da safe na ƙudura cewa idan ta sake tsayawa ba zan yi saurin danne maɓallin kashewa ba, zan zauna in kalle ta. Da ta tsaya, na fara danna Caps Lock. Fitilarsa ta kawo, ta ɗauke, ta sake kawowa, alamar ƙwaƙwalwar na'urar tana raye. Kibiyar linzami ma tana yawo a allo, amma duk abin da na danna ba ya buɗewa. Na haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B, wanda ke farfaɗo da direban hoto, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin hoto. Ta yi ƙara ɗaya, allon ya ƙifta, ya dawo yadda yake. A nan na fara cire katin hoto daga zargi. Sai idona ya kai kan 'yar fitilar ajiya da ke gaban akwatin. A ka'ida ƙyaftawa take yi idan ana karatu ko rubutu a kan ma'ajiyar, amma yanzu ta tsaya kyam da haske, ba ta motsi.

Ƙanena ya shigo ya same ni na zura wa fitila ido. Ya ce, "Yaya, ka goge komai ka ɗora sabuwar manhaja mana, ka huta." Na ce masa, "Bari tukuna, ƙane. In ban san abin da ke damunta ba, ina gama ɗorawa zai dawo." Ba na son wannan shawarar a matsayin matakin farko. Tana cin lokaci, tana share duk wata shaida, kuma in ciwon a jikin na'ura yake ba ta taɓa shi ko kaɗan.

Da ta dawo aiki, na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a na'urar, na shiga kundin System. Jan layin farko da ke ɗaukar ido shi ne Kernel-Power mai lamba 41, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce na'urar ba da wuta ce ta lalace. Alhali abin da lambar ke faɗa kawai shi ne kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta bisa tsari ba, wato ni ne na danne maɓalli. Kamar mai ba da shaida ne da ya iso bayan an watse. Abin nema yana cikin layukan da suka gabace shi. Da na gangara sai ga gargaɗi masu ruwan ɗorawa a jere, lamba 129, daga stornvme, direban da ke kula da ma'ajiyar SSD irin ta NVMe. Ma'anar wannan lamba ita ce an aika wa ma'ajiyar umarni, ta yi shiru har lokacin jira ya ƙare, aka tilasta mata sake tashi.

A nan al'amarin ya fara haɗuwa a kaina. Duk abin da ya riga ya shiga RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, yana ci gaba da aiki, shi ya sa kibiya ke yawo kuma Caps Lock ke amsawa. Amma da zarar wata manhaja ta buƙaci karanto wani abu daga ma'ajiya sai ta tsaya jira, ta biyu ma ta tsaya, har kowa ya tsaya. Na kuma fahimci dalilin da ya sa doguwar ƙamewa ba ta barin komai a kundi: shi kansa kundin a kan wannan ma'ajiyar ake rubuta shi. Gajerun ƙamewar da ta farfaɗo daga gare su da kanta su ne suka bar gargaɗin 129. Na bar Task Manager, mai nuna aikin da kowane sashen na'ura ke yi, a buɗe a gefe don in tabbatar, da ta sake tsayawa kuwa na ga ma'ajiyar tana nuna aiki kashi 100, karatu da rubutu kuma sifili.

Duk da haka ban tsallake sauran gwaje-gwajen ba. Umarnin sfc /scannow bai ga gurɓataccen fayil ba, mdsched ya duba RAM ya ce lafiya, CrystalDiskInfo ma ya nuna bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da ma'ajiyar ke ajiyewa a kan kanta, ba su da matsala, zafinta daidai. Wannan na ƙarshe ya kwantar mini da hankali sosai, don da ma tsorona kada a ce mutuwa take shirin yi da ayyukana a ciki. Kafin in taɓa wani saiti sai da na kwashe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya ta waje.

Ma'ajiya mai lafiya da ke yin shiru haka kawai, musamman idan an ɗan bar na'ura ba aiki, hankali yakan koma ne kan tsimin wuta. Na shiga Power Options, cikin saitunan zurfi, ƙarƙashin PCI Express akwai Link State Power Management. Aikinsa rage wa hanyar da ke tsakanin ma'ajiya da uwar allo (babban faifan da ake jona kayan cikin kwamfuta a kansa) wuta idan ba a amfani da ita. Dabara ce mai kyau ga kwamfutar hannu da ke lallaɓa batir, amma wadda ke jone da bango kullum ribarta kaɗan ce. Na mayar da shi Off. Shi kaɗai na canza. Akwai Fast Startup da nake son kashewa, tunda yana sa kashe kwamfuta ya zama rabin barci maimakon cikakkiyar kashewa, amma na danne zuciyata. In na canza abu uku lokaci guda ta warke, ba zan taɓa sanin wanne ne maganin ba. Na zaɓi Restart, don shi ne ke tayar da komai daga tushe.

Daga rana zuwa dare na yi ta gwada ta da gangan. In buɗe manyan fayiloli, in rufe, in tashi in bar ta, in dawo in danna. Ba ta tsaya ba, kuma babu sabon 129 a kundin. Na ji daɗi ƙwarai, amma ciwon da ke zuwa ba sallama ba a yanke masa hukunci da yini ɗaya.

Ina kuma lura da kalanda. Bayan babbar sabuntawa, Windows na ba da kwana 10 na komawa tsohon zubi ta Recovery, muddin ba a share jakar Windows.old mai ɗauke da tsohon zubin ba, don haka na gargaɗi ƙanena kada ya yi wa na'urar shara. Ba na son komawar, domin gyaran tsaro na tafe ne da sabuntawa, amma gara ƙofar ta kasance a buɗe. Gobe zan duba shafin kamfanin da ya ƙera ma'ajiyar ko sun fitar da sabuwar manhajar cikinta. In akwai, sai na sake kwafe komai kafin in ɗora, sannan in mayar da saitin wutar yadda yake in ga ko 129 zai dawo.