Kunya da Hanyar Komawa: Shawara ga Masu Zuwa Hutu Gida

Ƙannena da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje, waɗanda sukan zo Zariya hutu sannan su koma, ku sani cewa yawancin wahalar da ke samun matafiyi a hanyar komawa tun daga gida take farawa, kuma kunya ce tushenta: kunyar katse hirar babba, kunyar ƙin karɓar saƙo, da kunyar ce wa Gwaggo kayan sun yi yawa. Na daɗe ina zaune a Jamus, kuma kusan kowane abu da zan faɗa a nan sai da ya ci mini kuɗi kafin na gane shi.

Zariya tana da kwalejin horar da matuƙa jirgin sama tun 1964, muna kuma ganin ƙananan jiragenta suna shawagi a kan Palladan, amma babu jirgin da zai ɗauki mutum daga nan zuwa Turai. Dole ne a nufi filin jirgin Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, wato akwai tafiya sukutum kafin a fara tafiyar. Duk da haka na taɓa barin sallama sai ranar tashi. Na fara da dangin uwa a Tudun Wada, na shiga birni ta Ƙofar Doka wurin dangin uba, na dawo Sabon Gari, ina da niyyar ƙarewa a Samaru. A kowane gida sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa da fura, an yi addu'a mai tsawo, kuma babu ɗan kirkin da zai riƙa duba agogo alhali Baffansa yana yi masa nasiha. Sai bayan azahar muka kama hanyar Abuja, a lokacin da aikin sake gina titin, wanda aka fara a 2018, ya mayar da motoci hannu ɗaya a wurare da dama. Ko da muka isa, an rufe awon kaya, domin akan rufe shi kimanin awa ɗaya kafin tashin jirgi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan mutum ya rasa zangon farko na tikitinsa, kamfani yakan soke duk sauran zangon da ke cikinsa, don haka jirgin da zai canja a gaba ma ya tafi ke nan. Saboda wannan, ku kammala yawon sallama kwana uku kafin tafiya, ku kuma kwana a garin da za ku tashi, ko da a gidan aboki ne. Mai son jirgin ƙasa daga Rigasa da ke Kaduna zuwa Idu da ke Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, ya nemi tikiti da wuri ya kuma tabbatar da lokacin tashinsa. A watannin Disamba da Janairu hazo yakan hana jirage sauka da tashi a Kano na tsawon sa'o'i, wani lokaci har a kwana, kuma idan tikitin jirgin cikin gida daban yake da na waje, babu ruwan kamfanin waje da dalilin makararku.

Sai batun tsaraba, wanda ya fi kowanne sosa zuciya. Gwaggona ta taɓa aiko mini da kilishi a naɗe cikin takarda, da man shanu a kwalba an ɗaure bakinta da leda, kuma na san daga kuɗin adashenta ta saya. Na karɓa, na ɗauko su har Turai, inda jami'in kwastam ya buɗe akwati, ya sinsina takardar, ya jefa komai cikin kwandon shara a gabana. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, Ingila da Amurka ma suna da makamanciyarta, kuma busar da naman ba ya fitar da shi daga cikinta. Dambun nama ma hukuncinsa ɗaya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da zoɓo sun fi sauƙin wucewa, amma kowace ƙasa da nata ƙa'idar, kuma idan aka tambaye ku ko kuna ɗauke da abinci, ku faɗi gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi, tara kuma a kan ɓoyewar take hawa. Game da nauyi, yawancin kamfanoni kilo 23 suke yarda da shi ga kowane akwati. Ƙaramin ma'auni na hannu zai raba ku da tsugunawa a tsakiyar filin jirgi kuna fitar da daddawa da atamfa a idon jama'a.

Saƙon wasu kuwa ya wuce maganar asara. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba mai karatu a Kano a Saudiyya saboda ƙwayoyin da aka samu a wata jaka mai ɗauke da sunanta, ba a kuma sake ta ba sai a watan Afrilun 2019, bayan bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunan nata a jakar da ba ta san da ita ba. Wannan ba ta ma karɓi saƙon kowa ba, balle wanda ya karɓi ƙulli a rufe da hannunsa. Duk abin da za a ba ku, a buɗe shi a gaban mai aikowa, magani kuma kada ku ɗauka sai da takardar likita mai sunanku. Idan nauyin baki ya hana ku faɗa, ku roƙi Hajiya ta sanar da dangi tun farkon zuwanku, domin maganar da za a ɗauka rashin kunya ce daga bakinku, daga bakinta umarni ce. A wurin awo ku ƙirga akwatunanku, ku gwada adadinsu da 'yan takardun da aka liƙa muku, ku kuma adana su.

Takardu a duba su tun makon isowa. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6, sabunta shi kuma yana buƙatar lambar NIN, inda bambancin harafi ɗaya a suna zai iya cinye hutun gaba ɗaya. Izinin zama a Jamus yakan faɗi idan mutum ya wuce wata 6 a waje ba da amincewar hukuma ba, abin da ya kamata mai jinyar iyaye ya riƙe a ransa lokacin da ake ce masa ya ƙara haƙuri sai bayan Sallah. Masu komawa wata ƙasa ta hanyar Faransa ko Jamus su bincika, domin 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda ake neman bizar yada zango a wurinsu ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai dai masu izinin zama na wasu ƙasashe kamar Amurka da Kanada. Kuɗin da ya kai Yuro 10,000 kuma dole ne a bayyana shi lokacin shiga Tarayyar Turai.

Kada ku sauka daren Lahadi alhali Litinin da safe akwai aiki ko jarrabawa. Rigar sanyi, makullin ɗaki, magungunanku da takardunku su kasance a jakar hannu, domin akwati yakan makale a Alkahira ko Addis Ababa mai shi ya isa ba tare da shi ba, kuma hunturun Samaru bai shirya kowa ga Janairun Frankfurt ba. Idan akwatin bai fito ba, ku cike takardar ƙorafi kafin ku bar zauren ɗaukar kaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba ku kwana 7 ku rubuta koke a kan kayan da suka lalace, da kwana 21 a kan waɗanda suka makara, ana lissafawa daga ranar da kayan suka shigo hannunku.