Yau dai bonet ɗin Corolla ya fito, bayan kwana huɗu ina fama da ulu

Salam 'yan uwa masu koyon gyaran fenti. Yanzun nan na turo motar cikin rana na zagaya ta sau uku ina leƙen bonet ta kowace kusurwa, wallahi babu zane ko ɗaya, baƙin ya kwanta kamar ruwa a cikin randa. Shi ne na ce bari in rubuto tun hannuna bai daina rawar injin folish ba.

Motar yayana ce, Corolla 2010 baƙa, masu wankin mota na bakin titi sun gama da ita da tsumma da omo, in rana ta haska sai ka ga saƙar gizo-gizo ko'ina a jikinta. Da soso mai tauri na fara, da kwamfawun M105 na Meguiar's, man nan mai cin karce, na bi wuri ɗaya sau uku amma manyan karcen suna nan daram. Sai na ɗaura faifan ulu, irin murɗaɗɗen nan fari, a kan injin Makita 9227 da ogana ya ara min. Ko minti biyu ba a yi ba karcen ya tafi. Ranar har waya na buga wa Yaya na ce ya zo gobe ya ɗauki motarsa.

Ashe aikin bai ma fara ba. Da safe na fito da ita rana sai ga wasu layuka masu walƙiya suna bin hanyar da injin ya bi, kana motsawa suna motsawa da kai, abin nan da ake cewa holgiram. Na san ulu yana barinsu, kowa ya faɗa, don haka ban damu ba, na bi da soso mai laushi da folish ɗin M205, a cikin gareji ta yi kyau sosai. Na wanke ta da yamma, washegari layukan suka dawo kamar ban taɓa ta ba. Na sake, suka sake dawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana biyu ina ƙona man janareta a kan bonet ɗaya, har na fara zargin ko folish ɗin da aka sayar min jabu ne.

Ba jabu ba ne. Man da ke cikin folish ɗin ne yake cike zanen ya ɓoye shi, da an wanke sai ya fito. Tun daga nan duk inda na gama sai na fesa sifirit da na sirka da ruwa in goge da tawul mai laushi, sannan in haska tocilar waya a karkace, abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar fentin. Kuma da na duba da kyau sai na gane zanen da ulun nawa yake bari ya yi zurfin da M205 ba zai iya ɗauke shi ba, ke nan matsalar tana can baya wajen ulun.

Na cire faifan na duba shi a rana. Gashin duk ya dunƙule ya yi tauri kamar busasshen tuwo, in ka murza da yatsa har ƙuraje-ƙuraje kake ji. Iskar hunturun nan tana busar da kwamfawun kafin ka bi wuri sau biyu, ga kiliyar da ake kankarewa, wato fentin nan marar kala da ke saman kalar mota, tana taruwa a ciki, ga ƙurar da ke sauka kan bodi ko ka rufe ƙofa, ni kuma da na ga ya bushe sai in ƙara zuba wani. Wato da samfefa nake ta gurzar motar ban sani ba. Sannan ina gudu a lamba 4, kusan juyi 2100 a minti, kuma ina karkata injin a kan gefen faifan saboda a haka ya fi saurin ci kuma baya fizgar hannu.

Abin da ya yi min aiki jiya da yau: na wanke ulun da ruwan ɗumi na bar shi ya bushe sarai, na samo ƙarfen tsefe shi, duk ƙaramin wuri ɗaya in na gama sai in kunna injin in tsefe har gashin ya tashi. Na rage wurin da nake bi zuwa kamar kamu biyu da kamu biyu, kwamfawun ɗan layi ɗaya kawai, in baza a lamba 2 in hau lamba 3 wato 1500 in yi aikin, in dawo 2 in ƙarasa ba tare da danna injin ba, faifan a kwance. Kafin kowane wuri ina share ƙura, kuma na yayyafa ruwa a ƙasan garejin. Bayan ulu ban tsallaka kai tsaye zuwa soso mai laushi ba, na sa matsakaici a tsakani. Bonet ɗin ya ci min awa uku amma na goge da sifirit sau biyu ba abin da ya dawo.

Akwai inda na yi ɓarna kuma ya min ciwo. Rana ta biyu, a bakin fenda ta hagu inda bodin ya lanƙwasa, ban manna tef ba, ina cikin bi sai na ga farin ulun ya ɗauko baƙi. Gabana ya faɗi don na san ma'anarsa, na huda kiliya na shiga kala. Kiliyar kamfani dududu maikiron 40 zuwa 50 ce, ko kaurin takarda ba ta kai ba, a kan gefe kuma ta fi siriri, ulu baya jira. Mai fenti ya karɓi naira dubu talatin ya sake fesa fendar, daga aljihuna, ban bari Yaya ya biya ba. Yanzu duk wani gefe da lanƙwasa sai na bi da tef kafin in kunna injin, kuma ina juya shi yadda faifan zai riƙa fita daga gefen maimakon ya cije shi.

Saura rufi da but da ƙofofi huɗu. Ƙofar baya ta dama tana ban tsoro, kalarta ta ɗan bambanta kuma fentinta yana da gurji-gurji kamar ɓawon lemu, alamar an taɓa fesa ta tun kafin Yaya ya saya, ni kuma ba ni da na'urar auna kaurin fenti. Ina ganin ita ba zan sa mata ulu ba, soso zan bi da shi a hankali ko da wani karcen zai rage. Wanda ya taɓa gwada ulun ɗan rago mai gajeren gashi a kan fentin da aka sake fesawa don Allah ya faɗa min yadda suka ƙare kafin Asabar, ranar nake so in shiga ƙofofin.